Kwalba mai bayani da kwalba mai "haɗi na musamman"

Ga kwalabe biyu na ƙwayoyin koren shayi. Ta farko ta rubuta adadin EGCG, wani sinadari da ke cikin koren shayi, a kowace ƙwaya, ga tambarin USP, wato wasu daban sun gwada abin da ke ciki. Ta biyu kuwa "haɗi na musamman" ta ce, ta ba da nauyin ganyayen duka a dunƙule. Wanne ya fi yawa? Oho.

A 2018 hukumar EFSA mai kula da ingancin abinci a Turai ta ce miligiram 800 na EGCG zuwa sama a rana na iya taɓa hanta. Mai kwalbar farko zai yi lissafi, ya nuna wa likita. Mai ta biyu sai dai ya haɗiye da fatan alheri. Ni ta farkon zan ɗauka, ko da yake tambarin bai ce ƙwayar tana warkarwa ba.