Keji ko ɗamara: wanne ya fi wa kare a doguwar tafiyar mota?

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi tafiyar kwana huɗu a mota da karenka mai nauyin kilo 25, kuna yada zango a wuraren da ke barin a shiga da kare, har da farfajiyar ƙananan masana'antun giya da abokan tafiyarka ke son leƙawa. Tambayarka ita ce: a sa shi cikin keji a bayan mota, ko a ɗaura masa ɗamarar ƙirji a maƙala ta da bel ɗin kujera? Na yi tafiya da duka biyun, kuma keji na zaɓa. Sai dai ba kowace mota ce ke ɗaukar keji ba, don haka bari in jera maka su ka gani da idonka.

Mu fara da ranar da ba a fata. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta zai ci gaba da wannan gudun, tamkar an sako shi daga tsayin kusan mita 10. Ka ɗauka kilo 25 ne ya taso daga kujerar baya ya nufo ƙeyarka. Shi ya sa ƙa'ida ta 57 cikin dokokin hanya na Birtaniya ta ce a tsare kare a mota yadda ba zai ɗauke hankalin direba ba, ba kuma zai ji ciwo ko ya ji wa wani ba in an taka birki ba shiri. Ta ambaci ɗamara, ta ambaci keji. Amma ba duk abin da aka rubuta masa “na mota” ne ke da ƙarfin aikin ba. A 2013 wata cibiya a Amurka, Center for Pet Safety, tare da kamfanin motoci na Subaru, ta gwada ɗamarun da ke kasuwa, ta ɗaura su wa karnukan bogi masu nauyin na gaske a gudun mil 30, wato kimanin kilomita 48. Wasu suka tsinke, wasu suka bar karen ya fizge daga kujera. Ɗamarar Clickit Utility ta kamfanin Sleepypod ce kaɗai ta fito zakara. A 2015 aka juya kan keji, nan ma kejin waya irin na cikin gida ya lotse, wanda ya yi fice shi ne Gunner G1, shi ma tare da ƙaƙƙarfan igiyoyin da ke riƙe shi da ƙasan mota. Ka ga ke nan, kejin da ba a ɗaure ba wani kaya ne kawai mai tashi sama da kare a cikinsa. Ɗamara mai kyau ta fi shi nesa ba kusa ba. Kada kuma ka kuskura ka maƙala bel a abin wuya, ko ka zaunar da shi a gaba inda jakar iska za ta fashe masa a fuska.

Inda na ga bambanci da idona shi ne awa ta uku zuwa ta huɗu ta tafiya. Da ɗamara, karyata takan fara lafiya lau, tana kallon hanya. Can sai ta so juyawa. Ta juya sau ɗaya, ta sake, bel ya naɗe mata ƙafar gaba, ta fara kuka ƙasa-ƙasa, ni kuma ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi. Wata rana ma ƙafarta ta taka jan maballin bel ɗin, na ji ƙaras, kafin in sami wurin tsayawa hancinta na kan kafaɗata. A keji kuwa sai ta zagaya sau biyu, ta kwanta a kan tsohon bargonta, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta, shi ke nan sai na kashe mota. Kare mai haushin kowace mota da kowane babur ma yakan lafa in ba ya ganin waje sosai. Girman kejin dai a kula: ya iya tsayawa, ya juya, ya kwanta a miƙe, amma kada ya yi faɗin da zai riƙa gwaruwa da bango a kowace kwana.

Wajen iska ɗamara ta ci. Karen da ke kujerar baya yana shan sanyin da kuke sha, hannunka na iya kai wa gare shi. Bayan mota kuwa, musamman in an kewaye kejin da jakunkuna, yakan fi zafi ba ka sani ba. Ka sa hannu ka ji da kanka a kowane zango. In motarka mai rufaffen but ce, maganar keji a can ba ta ma taso ba, ɗamara za ka saya.

Sai zango, wanda shi ne rabin tafiyarka. Ɗamara ta fi sauri: ka ɓalle bel, ka maƙala igiya, kun fita. Hatsarinta shi ne duk wanda ya buɗe ƙofa ya kwance shi kafin igiya ta shiga hannu, kare ya dira titi a garin da bai sani ba. Keji ƙofa biyu ne tsakaninsa da titi. Da dare kuma ka shigar da kejin masauki, ya zama ɗakin da ya sani a cikin ɗakin da bai sani ba, kuma masaukai da yawa ba sa yarda a bar kare shi kaɗai sai a cikin keji.

Tun da ka ambaci masana'antun giya, ga abin da ya fi damuna. Giya guba ce ga kare, ko wadda ta zube ƙarƙashin tebur ya lasa. Furen nan mai ɗaci da ake dafa ta da shi, hofs, ya fi muni: ɗanye ko dusarsa bayan an dafa, in kare ya ci, zafin jikinsa kan hau har ya wuce digiri 41 a ma'aunin Celsius, alhali na lafiya bai wuce 38 zuwa 39 da ɗoriya ba. In ka ga haki mai tsanani da rashin natsuwa da amai, likitan dabbobi za ka nufa nan take. Ka riƙe igiya gajere, ka tafi da kwanon ruwansa. Ka kuma kira wurin tun kafin ku isa, domin wasu farfajiya kaɗai suka yarda, ban da ciki. In aka hana shi shiga, kada ka ce bari ya jira a mota. Wani bincike da aka yi a jami'ar Stanford, aka buga a 2005, ya nuna cikin motar da aka ajiye a rana kan ƙara zafi da kusan digiri 22 cikin awa guda, mafi yawansa a minti 30 na farko, kuma sauke gilashi kaɗan bai hana komai ba. Kare ba ya gumi kamar mu, haki ne abin dogaronsa. A wannan halin keji da ɗamara duk ɗaya ne, babu mai cetonsa.

To, in motarka irin wadda but ɗinta ke haɗe da ɗakin fasinjoji ce kuma tana da ƙugiyoyin ɗaure kaya, sayi keji mai ƙarfi ka ɗaure shi tamau. Kada ranar tafiya ta zama ranar da zai fara ganinsa. Ajiye shi a gida mako biyu ko uku kafin nan, ƙofa a buɗe, ka riƙa ba shi abincinsa a ciki, sannan ku fara ɗan zagaye na minti goma. Ranar tashi a ba shi abinci kaɗan awa uku kafin ku kama hanya, ku riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ko uku ya sha ruwa ya miƙe ƙafa. In mai amai ne a mota, tambayi likita maganin da ake kira Cerenia tun kafin ranar.