Riyad ko katafaren otel: zaɓin masauki a Marrakesh

Wanda ya je hutu Marrakesh, a ƙasar Maroko, yakan zaɓi tsakanin riyad, wato tsohon gidan gargajiya da aka mayar masaukin baƙi a cikin ganuwa, da katafaren otel na alfarma a Palmeraie, yankin dabino da ke arewacin gari.

Riyad ba shi da kwarjini daga waje, ƙofa ce kawai a jikin bango, amma da zarar ka shiga za ka tarar da tsakar gida mai maɓuɓɓugar ruwa da itatuwan lemo, ɗakuna ƙalilan na kewaye da ita, tsarin da ba baƙo ba ne ga Bakano. Akan tarbe ka da shayin na'ana'a, kuma da ƙafa za ka isa dandalin Jemaa el-Fna, a tsohon birnin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Sai dai mota ba ta shiga lungunan, a amalanke ake turo maka kaya.

Otel ɗin Palmeraie kuwa yana da wurin ninkaya da filin wasan yara, amma kuɗinsa da nauyi, kuma duk shiga gari sai da tasi. Mai tafe da tsofaffi gara ya sauka can, domin matakalar riyad matsattsiya ce ƙwarai.