Sharhi: Ƙwan LED Mai Ruwan Ɗorawa a Fitilar Hazo, Ya Fi Halojin Kuwa?

Ƙwan da nake magana a kansa shi ne LED ɗin nan mai hasken ruwan ɗorawa, 3000K a ma'aunin launin haske, wanda ake rubuta wa H8/H11/H16 a jikin kwali, guda biyu a ciki. Na sa shi a gurbin halojin H11, ya yi wata huɗu yana aiki cikin hazo da ruwan sama. Ƙwai ne mai kyau, amma idan ya zauna a karkace ya tashi daga aiki, kuma ba kowace fitila ce ke karɓarsa ba.

Tun kafin a je ga saye, san lambar ƙwan motarka. Kada ka dogara da shekarar mota kawai, domin mota iri ɗaya kan zo da fitila daban gwargwadon ƙasar da aka ƙera ta dominta. Ciro tsohon ƙwan ka duba gindinsa, a nan ake buga lambar da ƙarfinsa, misali H11 12V 55W. Idan ta goge, duba littafin motar ko bayan gidan fitilar. Waɗanda aka fi samu a fitilar hazo su ne H11 mai wat 55, H8 mai wat 35, H16 mai wat 19, sai HB4 da ake kira 9006, da H10, da 880 da 881 masu wat 27. Tsofaffin motoci kuwa H3 ne, wanda za ka gane shi da guntuwar wayar da ke lilo a bayansa.

H8 da H11 da H16 tamkar 'yan uku suke a ido: gindi mai lanƙwasa, kunnuwa uku, zoben roba. Bambancin yana kan kunnuwan da bakin soket, kuma da gangan aka yi shi. Nan ne mutane ke ɓarna. Sai a ga H11 ya ƙi shiga gidan H16, a ɗauko wuƙa a fere kunnen har ya zauna. Gidan da aka yi wa wat 19 an ɗora masa wat 55, kusan ninki uku ke nan, wutar da yake ja ta tashi daga wajen 1.6A zuwa 4.6A. Sannu a hankali madubin ciki ya ƙone ya yi dishi-dishi, soket ya narke. Abin da ya sa LED ɗaya ke iya zama a gidajen uku shi ne an rage masa kunnuwa, kuma wutar da yake ci kaɗan ce. Wani tarkon kuma: a kasuwar Amurka ana kiran ƙwan 5202 da sunan H16, alhali gindinsa daban ne gaba ɗaya. Kwatanta hoton gindin, kada ka tsaya a suna.

Kafin ka yanke cewa ƙwan ne ya mutu, lura. Gefe ɗaya ya ɗauke, galibi ƙwai ne ko soket. Duka biyu suka ɗauke lokaci guda, fara da fis, yawanci 10A ko 15A, sannan rilai da makunni. A yawancin motoci ma fitilar hazo ba ta kamawa sai an kunna ƙananan fitilu ko dim, wasu kuma tana mutuwa da zarar an sa ful.

Sakawa ba wuya. Kashe mota, ka bar fitilar ta huce. Karya sitiyari zuwa ƙarshe don taya ta ba ka wuri, cire maɓallan roba da kusoshin da ke riƙe da murfin cikin taya, ka lanƙwaso shi baya. Wasu motocin ta ƙarƙashin bamba ake shiga. Danna harshen soket ka zare shi, kada ka ja wayar. Murɗa ƙwan hagu kamar kwatan zagaye, ya fito. Sabon ya shiga babban kunne a babbar kafa, a murɗa dama har ya tsaya. Idan halojin za ka mayar, kada yatsanka ya taɓa gilashin; maiƙon hannu na tara zafi a wuri ɗaya, gilashin ya kumbura ya fashe. In ka taɓa, goge shi da sifirit.

Da LED akwai ƙarin abu biyu. Na farko, ƙwayoyin hasken su kalli hagu da dama, wato ƙarfe 3 da ƙarfe 9 a fuskar agogo. Wannan ƙwan yana da zobe mai juyawa don haka, kuma shi ne abin da na fi yaba masa. Suka kalli sama da ƙasa, haske ya watse, layin da ke yanke shi daga sama ya ɓace. Na biyu, idan bai kama ba, zare soket ka juya shi ka mayar, domin LED da yawa na bambanta waya mai wuta da ta ƙasa. Gwada shi kafin ka rufe murfin, kada ka yi aiki biyu.

A kan hanya, launin ne ya burge ni. Hasken farin ƙwai mai 6000K na dawowa cikin ido a hazo kamar an shimfiɗa farin ƙyalle a gaban mota, shi kuwa ruwan ɗorawa bai gajiyar da ido haka, gefen kwalta da layin fenti suna fitowa sarai. Ba wai yana huda hazo ba ne kamar yadda masu talla ke faɗa. Ƙyallin ne ya ragu. Faransa ta daɗe tana tilasta wa motoci fitilun gaba masu wannan launi, har zuwa 1993. Ta fuskar nisa, LED ɗin bai wuce H11 mai kyau irin na Osram ko Philips da wani abin kirki ba, wanda ke ba da lumen 1,350, wato ma'aunin yawan haske. Dubban lumen ɗin da aka zuba a kan kwalin, kada ka saya saboda su.

Aibinsa uku ne. Bayansa ya fi na halojin tsawo saboda ƙarfen sanyaya shi, don haka inda wuri ya matse yana gogar murfin taya. Zoben robarsa ya ɗan yi siriri, gefe ɗaya ya fara gumi a ciki sai da aka sa masa zoben tsohon ƙwan. Sannan motar da kwamfutarta ke sa ido kan fitilu za ta iya nuna alamar ƙwai ya mutu ko ya riƙa ƙifce, saboda wutar da yake ja ta yi ƙasa. Maganin shi ne rizista, 'yar na'urar da ke ƙara jan wuta, mai om 6, wat 50, amma tana zafi sosai, a ɗaure ta jikin ƙarfe nesa da roba da wayoyi. A wasu ƙasashen kuma doka ba ta yarda a sa LED a gidan halojin ba sai mai takardar amincewa, ka bincika ta inda kake.

Saiti ne ƙarshe. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 7.6 daga bango. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka sa alama a bangon. Saman hasken ya tsaya santimita 10 ƙasa da alamar. In ya haura, murɗa kusar saitin da ke bayan fitilar har ya sauko.

Mai H16 ko H8 zai ga canji sosai da wannan ƙwan, shi nake ba shawarar ya saya. Mai H11 da gilashinsa ke garau, ya sa sabon halojin mai ruwan ɗorawa guda biyu lokaci ɗaya, ya ishe shi.