Kunne ko ido: da wanne za a fara wa yaro Sinanci a gida?

Wata 'yar uwa ta yi tambaya. Tana da yara biyu, mai shekara 4 da mai shekara 7, ita kanta ba ta jin Sinanci, kuma tana so su fara koyo a gida cikin wasa. Shin ta sakar musu waƙoƙi da katun su yi ta saurare, ko kuwa ta nemo katunan haruffa su fara da karatu?

'Yar uwa, kowace hanya da aikinta, amma wajen farawa kunne muke sa wa gaba, kuma dalilin yana cikin harshen kansa. Mandarin, wato Sinancin da ake koyarwa a makarantun ƙasar Sin, yana da karin sauti 4, da wani na biyar marar nauyi. Na farko murya na sama a miƙe, na biyu tana hawa kamar mai tambaya, na uku tana nutsewa ƙasa, na huɗu tana faɗowa da ƙarfi. Gaɓa ɗaya ce, amma mā uwa ce, mǎ doki ne, mà zagi ne. Yaron da ya tashi da Hausa yana da sa'a a nan, domin kunnensa ya riga ya saba cewa hawa da saukar murya na canja ma'ana. Kati ba ya iya koyar da wannan, sai an ji. Ki sa su riƙa zana karin da hannu a iska suna faɗa: hannu a miƙe, hannu ya hau, ya nutse, ya sare ƙasa.

Sai dai hanyar kunne tana da ramuka biyu. Na farko, waƙa tana haɗiye karin sauti, domin muryar mawaƙi kiɗa take bi. Yaro zai haddace waƙa tsaf, ya zo faɗin kalmar a magana ya karkace. Don haka a haɗa waƙa da gajerun hirarraki da labarai waɗanda ake faɗa da muryar magana.

Na biyu ya fi girma: a bar yaro da waya shi kaɗai. A 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun zaunar da jarirai 'yan wata 9 da masu jin Mandarin har zama 12. Waɗanda aka yi wa magana ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko murya kawai ba su samu hakan ba. Naki sun wuce jarirai, za su tsinci wani abu a katun, amma abin da ke dasa harshe shi ne a yi wa yaro magana ya amsa. Ga kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini.

Yadda za ki yi: bidiyo ɗaya na minti 5 zuwa 10, shi za a yi ta maimaitawa mako guda, kina zaune tare da su. Ki tsamo kalmomi 5, ki kashe waya, a koma wasan umarni: zuò xià a zauna, zhàn qǐlái a miƙe, pǎo a ruga, tiào a yi tsalle, tíng a tsaya cak. Wanda ya kuskure shi zai karɓi ba da umarni, ta haka bakinsa ke buɗewa. Tunda ba ki jin harshen, muryar da ke cikin bidiyon ita ce malama, ke ɗaliba ce tare da su, ki bari ma su gyara miki. In da hali, a samu mai jin harshen ya yi hira da su ta kiran bidiyo minti 20 a mako.

Hanyar ido kuwa abu biyu ne da ake yawan cakuɗawa. Akwai pinyin, rubutun Sinanci da haruffan boko da ƙasar Sin ta amince da shi a 1958. Iyaye na son sa domin yana kama da abin da suka sani, nan kuwa tarkon yake. Harafin c na pinyin ba irin na "ci" ba ne, ya fi kusa da ts mai fitar da iska. Q shi ne ya fi kusa da c ɗinmu, x kuma ya doshi sh. Yaran Sin suna koyon pinyin a ajin farko na firamare, bayan sun daɗe suna magana da harshen. Ƙaramin naki a ƙyale shi tukuna, kada ya rikita bokon da yake fara ganewa. Babban, in karatunsa ya zauna, ya fara bayan wata biyu ko uku na saurare.

Sai haruffan Sinanci na asali, waɗanda ko ɗan shekara 4 yana jin daɗinsu: 山 dutse mai kawuna uku, 口 baki a buɗe, 人 mutum mai tafiya, 木 itace, a jera biyu 林 ya zama kurmi. Ki baza katuna a ƙasa, a kunna sautin, yaro ya diro kan wanda ya ji. Sababbi 2 ko 3 a mako sun isa. Abin da ke lalacewa a nan shi ne yaro ya ga 山 ya ce "dutse" amma bai san shān ba, ya koyi hoto ke nan bai koyi harshe ba. Kada a ɗaga kati sai da sautinsa. Kuma wannan dabara ta kama da hoto ba ta yin nisa, domin yawancin haruffa haɗi ne na ɓangaren ma'ana da ɓangaren sauti.

Rubutu da fensir na babban ne, a takarda mai murabba'i da aka raba huɗu, yana bin tsarin zane: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye. Ƙaramin a ba shi burushi da ruwa ko faranti da yashi, ya yi manya-manya. Kafin ki sayi katuna ki duba irin rubutun: sauƙaƙaƙƙe ake amfani da shi a babban yankin Sin da Singafo, na gargajiya a Taiwan da Hong Kong. Doki a na farko zane 3 ne, 马, a na biyu 10, 馬. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai.

A zaman minti 15 kullum, ki ba kunne da baki minti 10, katuna 5. In kina neman jerin kalmomin da za ki bi, jarrabawar Sinanci ta yara, YCT, matakinta na farko kalmomi 80 ne. A kan 5 a mako, mako 16 ke nan, ban da makonnin bita.