Mai rubuta allon shago na bakin tashar Kura, ga yadda na ga aikinsa

Masu tambayata wa ya yi min allon shago, to ga amsa gaba ɗaya. Wani bawan Allah ne mai zane da fenti a garin Kura, ɗan shagonsa na kusa da tasha, kuma ni dai in ana maganar wanda ya san kala a yankin nan namu ban ga na biyunsa ba, duk da yana da nasa halin da zan faɗa a gaba.

Ni maganin feshi nake sayarwa da taki da irin shuka a ƙauyenmu kan hanyar Garun Malam, kwastomomina manoman shinkafa ne da 'yan tumatir na Kadawa. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yarda mu gama magana a waya ba, mashin ya hau ya zo har ƙofar shago, ya tsallaka titi ya tsaya can yana ƙare wa layinmu kallo, sannan ya dawo ya ce, Alhaji duk layin nan naku kore ne fa, mai cajin waya ya manna na Glo, mai POS ya sa na OPay, kemis ma koren, in kai ma ka sa kore don kayan gona kake sayarwa to ka ɓace a cikinsu, mai wucewa a mashin ba zai ma san an buɗe sabon shago ba.

Na ce to a yi ja da fari. Ya girgiza kai ya ce ja shi ne kalar da rana ta fi saurin cinyewa, yanzu za ka gan shi jawur amma in bazara ta gasa shi ruwan hoda zai koma, kuma banda wannan a jihar Kano kowa ya ga ja da fari Kwankwasiyya ce ke faɗo masa a rai, kai kuma ɗan kowane ɓangare taki yake saye a wajenka. Wallahi wannan maganar kaɗai ta isa kuɗin aikin. Yalo da baƙi ya ce babu kamarsu wajen karantuwa daga nesa, shi ya sa ba a rasa ganin adaidaita sahu, amma MTN sun riga sun mallake yalo a idon mutane, yara za su dinga zuwa tambayar katin waya. Farin allo kuma ƙurar hunturu da jar ƙasar gefen titi ba za su bar shi ya yi farin ba.

Ƙarshe shuɗi mai duhu muka yi, rubutu fari manya-manya, sai ɗan layin yalo a ƙasa, ya zana injin feshi da zangarniyar shinkafa a gefe. Kalmomi kaɗan ya bari, sunan shago da taki da maganin feshi, ya ƙara ajami a ƙasan bokon saboda dattawa. Wannan zanen da kalar su ne suke aiki, don da yawan mutanenmu ba rubutu suke karantawa ba, kala suke riƙewa. Ku tuna 2022 da aka sauya kalar ₦200 da ₦500 da ₦1000 irin ruɗewar da tsofaffi suka yi a kasuwa, alhali lambar tana nan ba ta canza ba. Yanzu in manomi zai aiko yaro cewa yake je ka shagon mai shuɗin allo.

Wani abu kuma da ya koya min, kalar da kake gani a waya ba ita za ta fito ba, don waya da haske take haɗa kala, fenti da tawadar injin buga bana (wato ledar talla) kuwa ba su da wannan hasken, shi ya sa abu ke fitowa a dushe mutum ya yi ta faɗa da mai aiki. Shi sai ya shafa fentin a guntun kwano ya ajiye maka a rana ka gani da idonka tukuna. Fentin mai yake sa wa, ba na ruwa ba, in ƙura ta hau tsumma mai laima kawai zan goga.

To sai halin nasa. Alkawari dai sai haƙuri, in ya ce maka jibi ka ƙara masa kwanaki a ranka, musamman in makarantu sun kawo aiki ko Sallah ta gabato, kuma ba ya son ɗaga waya in bai gama ba, abin nan yana ɓata min rai sosai don sana'a da cika alkawari ake riƙe ta. Kuɗinsa ma ya fi na banar da ake bugowa daga cikin birni, kuma kai za ka zuba masa mai in zai zo kafawa. Amma banar maƙwabcina iskar farkon damina ta yaga ta, nawa allon ko motsi bai yi ba.

In za ku je ku auno faɗin ƙofar shagon, ku ɗauko hoton layinku duka ba shagonku kaɗai ba, kuma rabin kuɗi za ku bayar, sauran sai an kafa.