Azola ko tsiron masara? Ni dai na gwada duka biyun

Malam, tsakanin azola (ɗan ƙaramin koren tsiro da ake renonsa a saman ruwa cikin rami) da tsiron masara na faranti (masarar da ake tsirarwa da ruwa kawai, ba ƙasa) da ka tambaya don kajinka da awaki, azola za ka yi. Azolata har gobe tana bayan ɗaki. Farantan tsiron kuwa, uwargida ce ke shanya kuɓewa a kansu.

Ramin nawa mita 2 ne a kan mita 2, zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Na shimfiɗa tamfol, na zuba tankaɗaɗɗiyar ƙasa, na dama kashin shanu da ya kwana biyu, sannan ruwa kamar santimita 10 zuwa 15. Irin da na saka bai cika kwanon sha ba, har yara na yi mini dariya. Kafin mako biyu ya rufe ruwan ruf, kamar an shimfiɗa koriyar darduma. In yanayi ya yi mata daidai, cikin kwana 3 zuwa 5 take ninka kanta. Sirrin yana cikin ganyen: akwai wata ƙwayar halitta mai suna Anabaena da ke zaune a ciki, ita ke zuƙo naitirojin daga iska, wato abin da muke zuba kuɗi a buhun yuriya saboda shi. Shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka yi shekaru ɗaruruwa suna sakinta a fadamunsu a matsayin taki.

Kullum da safe nakan ɗebo da matankaɗi, in wanke ta sosai, don in da warin kashin shanu dabbobin ba za su taɓa ba, in cuɗa da dusa. Ranar farko awaki suka shinshina suka juya baya. Agwagi ne suka fara afka mata, kaji suka gani suka biyo, sai bayan kusan mako guda awakin suka sauko. Yanzu da na ɗauki matankaɗin, wata tsohuwar kazata mai wake-wake ta riga ni isa bakin ramin. Kwaiduwar ƙwansu ma ta ƙara ja. Tsohon ruwan da laka in na sauya, gindin alayyafo da tumatir nake juyewa, ba na zubarwa.

Amma kar a ruɗe ka. Furotin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari da ake ta faɗa, na busasshiya ne. Ɗanyar fiye da kashi 90 nata ruwa ne. Ƙari ce a kan abinci, tana rage maka dusa, ba ta maye gurbinta. Kuma ba ta son zafinmu. Tsakanin digiri 20 zuwa 30 take jin daɗi, in ya haura 35 sai ta fara galabaita. A watan Afrilu tawa ta yi ja, ta koma ruwan ƙasa, rabi ya tafi kafin in farga in kafa mata rumfar zana. Inuwa rabi, rana rabi take so. In ka ga ta yi ja ba lokacin zafi ko tsananin sanyi ba, yawanci yunwa ce, ka ƙara mata damammen kashin shanu ko ɗan takin supa.

Tsiron masara kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau a hoto, dabbobi na ci, kwana 7 zuwa 8 ya isa yanka. Iyakar alherinsa ke nan a wurina. Masarar da kuɗi kake auno ta kowane mako, nauyin da ka ga ya ƙaru ruwa ne kawai, ga fumfuna da ke cinye farantai da zarar iska ta yi ƙaranci. Kuma in ka nace sai ka yi, kar ka kuskura ka tsirar da dawa. Tsironta na da guba, irin dai ta gyauro da makiyaya ke kore dabbobi daga kanta.

Sai maganar masu sayar da iri, ko da ba ka tambaya ba. Akwai masu tsamo ƙananan kainuwa ko wani koren kududdufi su ce maka azola ce. Ta gaskiya ganyenta ƙanana ne ƙwarai, suna hawa kan juna kamar ɓawon kifi, da 'yan siraran saiwoyi suna reto a ƙasa. Duk wanda ya ce ka sayi kilo goma, ko ya ce daga yau ka daina sayen abincin kaji, aljihunka yake so. Cikin tafin hannu biyu ya ishe ka. Kar ka tura kuɗi a ɗauro maka ita cikin leda a bayan mota, kafin ta iso ta dafe. Ka je ka ga ramin mutum da idonka, ka ɗebo a bokiti da ruwanta.

Ka jira ruwan sama ya sauka zafi ya karye, sannan ka haƙa rami biyu, don in ɗaya ya lalace ka sami iri a ɗayan.