Darasin yamma na fizik da probabilite a Garwa, abin da na gani cikin wata huɗu

Jama'a salamu alaikum. Mutane suna ta tambayata a kasuwa wai ina na kai ƙanwata repetisiyon, wato ƙarin darasin yamma, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Sunan malamin ba zan sa ba don ban nemi izninsa ba, mai so ya same ni a shago in kwatanta masa gidan.

Yarinyar tana Terminal D, wato ajin ƙarshe na sakandare ɓangaren kimiyya, probatuwar, jarabawar shiga ajin, da ƙyar ta haye, bana kuma bak, jarabawar gama sakandare, ne a gabanta. Zangon farko ta kawo min 6 bisa 20 a fizik, lissafi 7, ni kuwa ni nake biyan kuɗin lekol tun rasuwar babanmu, wallahi ranar ko tuwo ban iya ci ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne aikin gida kullum daidai take yinsa, ashe hoton tambayar take ɗauka ta tura wani gurup a waya, wani ya turo amsa ta kwafe a littafinta, ranar jarabawa kuma babu waya sai ita da bironta.

Wani abokin cinikina ne ya nuna min wannan malamin, matashi ne da ya yi karatu a jami'ar Ngawundare can Dang, yana koyarwa a zauren gidansu Litinin da Laraba da Asabar daga bayan la'asar zuwa magariba, sefa 5000 a wata. Ranar farko ban tafi ba, na zauna a bencin baya don in ga abin da zan biya wa kuɗi.

Abin da na fara lura da shi, mutumin nan ba ya ba da amsa. Ta miƙa masa tambayar faɗuwar dutse, ya ce "ƙanwata ajiye kalkuleta, zana min dutsen tukuna, me yake jansa, ina yake jansa?" Ta yi tsuru tsuru. Sai ya kwashe su gaba ɗaya zuwa rijiyar tsakar gida, ya ba wani yaro waya ya riƙe agogo, ya saki 'yar tsakuwa, aka ji ƙararta a ruwa bayan daƙiƙa ɗaya da rabi. Ya ce to ku faɗa min zurfin rijiyar nan ba tare da kun taɓa igiya ba. Rabin 9.8 (ƙarin gudun da abu mai faɗuwa yake samu a kowace daƙiƙa) sau 1.5 sau 1.5, ya ba su mita 11 da ɗan kai, aka zaro igiyar guga aka auna ta fito goma da wani abu, ya tambaye su ina sauran ya tafi, nan suka yi ta gardama har wata ta ce ai yatsan mai danna agogo yana makara, shi kuma ya ƙara musu cewa sauti ma tafiya yake, kusan mita 340 a daƙiƙa, sai ya hauro kafin kunne ya ji. Ni da na bar lekol a aji uku na fahimta, balle su.

Wata rana kuma da moto, wato babur, ya yi musu misali, kilomita 36 a awa mita 10 ne a kowace daƙiƙa, in ka ninka gudu zuwa 72 tazarar da birki yake buƙata ba biyu take zama ba, huɗu ce. Tun ranar in na hau gadar Binuwai sai maganar ta faɗo min in sassauta hannu.

Amma inda ya fi burge ni probabilite ne, wato lissafin yiwuwar aukuwar abu, don nan ne take kuka da hawaye, kullum tana rikita «avec remise» da «sans remise», wato ɗauka a mayar da ɗauka ba a mayar ba. Ya cire hularsa ya zuba goro biyar, fari uku ja biyu, ya ce rufe ido ki ɗauki ɗaya, to na biyun fa, kin mayar da na farkon ko kin cinye? In ta mayar, samun fari sau biyu 3/5 sau 3/5 ne wato 9/25, in ba ta mayar ba saura goro huɗu fari biyu, 3/5 sau 2/4 ya zama 3/10. Har yau in ta ga irin tambayar sai ka ji tana cewa a ranta an cinye ko ba a cinye ba. Yana bayani da Faransanci yadda zai zo a takarda, in ya ga ido ya yi fari sai ya juya Hausa ko Fulatanci, wannan kaɗai ya isa kuɗin.

Akwai ranar da ta shigo gida da ɗan ludo guda biyu, Inna ta ce "au, yanzu caca ake koya muku?" har ta ce a daina zuwa. Na faɗa masa, bai ji haushi ba, ya zo da kansa ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce "Inna gaskiyarki, ilimin ma daga tambayar 'yan caca ya taso, masana lissafi Pascal da Fermat suka yi ta musayar wasiƙa a kai a 1654, amma wanda ya iya shi ba ya kai kuɗinsa can." Ya nuna mata in an jefa biyun hanya 36 ce, jimillar 7 tana fitowa ta hanya 6, 12 kuwa ta hanya ɗaya tak, mai gidan caca ya san wannan lissafin kafin ya buɗe ƙofa. Inna ta sa masa albarka ta ba shi kunun gyaɗa.

Sai abin da bai yi min ba. Zauren ƙarami ne, a watan Maris da zafin Garwa ya haura 40 yara goma sha biyar a ciki fanka ɗaya, in an ɗauke wuta sai fitilar waya, kuma da jarabawa ta matso ya ƙara karɓar yara har mai jin kunya ba ya samun damar tambaya. Ɓangaren lantarki yana gudu da yawa, na faɗa masa ido da ido ya ce zai gyara. In ka tura masa tambaya ta WhatsApp wani lokaci sai gobe, kuma ko ya amsa tambaya zai mayar maka ba amsa ba. Masu 'ya'ya mata ku tanadi mai ɗauko su, ana tashi duhu ya fara.

Zango na biyu ta kawo 11 a fizik, 12 a lissafi, ba wani abin a buga ganga ba amma da hannunta ta samu. Yanzu tsofaffin takardun bak yake sa su yi da agogo duk Asabar, jiya na dawo daga kasuwa na tarar da ita ta ɗauki goron Inna tana koya wa ɗan maƙwabtanmu. Ƙanenta da ke Segwand, aji biyu ƙasa da nata, na riga na yi wa malamin maganarsa, shi tun Oktoba zai fara in Allah ya kai mu.